Baffa Mai Lasilki da Layukansa Huɗu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya riga mu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da muke haya a hawa na uku a unguwar Arba wa Nus a Alƙahira, yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango. Ba na gida. Ina unguwar Zamalek, inda nake aikin girki da wanke-wanke, sai Inna, matarsa, ta kira ni ta ce, "Ki taho." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Gidan bai ɗauki mutane ba. Mata suka cika ɗakunan biyu har matakala. Maza kuma mai shagon shayi na bakin lungu ya ba su aron kujeru, suka jeru a gindin bango, duk tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, da ya zo wucewa sai sun janye ƙafafu. Inna ba ta yi kuka ba. Wani mayafi ta samu tana ninkewa tana warwarewa, duk wadda ta ce mata ya haƙuri sai ta ce da godiya, idonta a ƙasa. Wanda kukansa ya tsorata ni shi ne tsohon direban Baffa, wanda suka yi aikin gandun daji tare a Sudan, gudun hijira kuma ta sake haɗa su a Alƙahira. Dattijo ne da farin gemu, amma ya durƙusa a bakin ƙofa yana cewa, "Yanzu wa zai tambaye ni inda nake?"

Ɗalibai 'yan Najeriya sun zo daga Abbasiya, ɗaya daga cikinsu ne ma ya sallace shi. Ya ce mini, "Hajiya, mu Baba Mai Oba-oba muke ce masa. Sai yau na ji sunansa na yanka." Abin da mu mutanen Sudan muke kira lasilki, su oba-oba suke cewa. Maƙwabciyarmu Bamisriya ta hawo da tire na shayi, ta ce ita abin da ba za ta manta ba shi ne wata biyu suna gaisawa kafin ta san yana da murya mai ƙarfi. Wata mata kuma da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Daga Ain Shams ta zo, ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai ta sani.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, direban ya gaya mini cewa a bakin kabari limamin ya waiga ya ce, "Ina ɗansa?" Babu wanda ya amsa. Shi da wasu ɗalibai biyu ne suka shiga ramin.

A garin nan, ɗan gudun hijira in ya mutu, lamba ce ake sokewa a kati. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ban iya jero shekaru ba, abin da na gani da abin da na ji kawai zan faɗa.

Baffa wan mahaifina ne. Ina ƙarama ƙwarai mahaifina ya rasu, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da ɗansa guda ɗaya, wanda nake kira Yaya. Mun tashi a gidajen ma'aikatan gandun daji, a wani ƙaramin gari kudu maso gabashin Sudan. Wanda bai ga ƙasar ba ba zai gane ba. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo. In ruwa ya ɗauke ta bushe, ashana ɗaya ta isa. Masu ɗiban zuma, masu gawayi, makiyayin da ya dafa shayi bai kashe garwashi ba, ko manomi mai share gona, kowannensu na iya tayar da wutar da za ta kwana uku tana ci. Takan cinye kiwon dabbobi na shekara, da dakwarar da mutane ke ɗiban ƙaro a jikinta, wani lokaci har da rugage.

Baffa bai taɓa riƙe reshe ya bugi wuta ba a iya sanina. Aikinsa a ɗaki yake, ɗakin lasilki, mai taga ɗaya da tebur da batura a ƙasa. Ni nake kai masa abincin rana, don haka na haddace allon da ke jikin bango kafin na haddace na makaranta. Layi huɗu ne a rubuce da alli.

Layi na ɗaya na shugabanni ne: shi a ɗakinsa, da wanda ke jagorantar kashe wutar, da shugaban kowane ɓangare, da masu gadi a kan hasumiya. Wannan layin yana bi ta wani akwati da aka kafa a kan dutse mafi tsawo a yankin, wanda ke karɓar magana ya cilla ta nesa. Layi na biyu na waɗanda ke bakin wuta ne, daga na'urar hannu zuwa na'urar hannu, ba ya zuwa nesa, kuma da gangan ne. In wuta ta yi girma, 'yan gabas da nasu, 'yan yamma da nasu, don kada maganar wasu ta hau kan ta wasu. Na uku shi yake kira layin ciki: ruwa ya ƙare, a kawo abinci, taya ta fashe, mai ya yi ƙasa. In an samu aron jirgin feshin manyan gonaki ya zagayo ya duba wutar, sai a ware masa zangonsa daban, mutum ɗaya tak ke magana da matuƙin.

Layi na huɗu kuwa ba a cewa komai a kansa. Yana da na'ura guda da ba ta yin komai sai sauraron wannan layin. Na taɓa tambayarsa amfanin na'urar da ba ta magana.

Ya ce, "Ranar da ta yi magana, ran wani ne a bakin wuta."

Kowace safiya a lokacin rani, bayan asuba, yakan rubuta a takarda wane ne a wane layi, da layin da za a koma in akwatin kan dutse ya mutu. Kowane shugaba sai ya karanta masa abin da ke takardarsa da baki kafin mota ta tashi. Ya san kowane kwari da magana ba ta shiga. In aiki ya kai mutane can, sai ya ajiye mutum ɗaya a kan tudu, aikinsa kawai ya ji daga nan ya faɗa wa can.

A gida ma haka yake. In ya aike ni kasuwa sai na maimaita saƙon. "Albasa, gishiri, sabulu." Sai ya ce, "Tamam, tafi." Inna takan ce ita lasilki aka aura mata, ba mutum ba. In baƙo ya cika zance, Baffa yakan jira ya gama tsaf, sannan ya ce, "To, a taƙaice me ake so?" Mutane da yawa sun ɗauke shi mai girman kai saboda wannan. Abin da ya fi faɗa mana ni da Yaya in muna gardama shi ne, "Wanda ya danne maɓalli ba ya jin kowa." Haka na'urar take, ko ka yi magana ko ka saurara, ba ta haɗa biyun. Mu dariya muke yi.

Ya yi ritaya da daɗewa yaƙi ya zo. Ba zan ba da labarin hanya ba, kowa a Arba wa Nus yana da irinsa. Mun isa iyakar Masar mu huɗu. Aka bar ni da Inna da Baffa muka wuce, mata da tsoho. Yaya kuwa aka ce namiji mai shekarunsa sai da biza. Ya ɗora mana kaya a mota, ya ce mako biyu ko uku zai biyo mu. Ya jira wata da watanni a garin iyaka. Daga baya ya ce zai koma kudu ya ɗauko wasu takardu da aka ce ya kawo, ya duba gida kuma. Ya kira daga hanya sau biyu. A kira na biyun ya ce shabaka, wato sabis ɗin waya, za ta yi wuya gaba, kada mu damu. Wannan ce muryarsa ta ƙarshe da muka ji.

A lokacin danginmu sun warwatsu, wasu a Chadi, wasu a Habasha, wasu a ƙauyukan da ba mu san sunansu ba. Akwai guruf ɗaya na dangi a waya, kowa na ciki. Addu'o'i, hotunan gawarwakin da ba a san ko na wane ne ba, jita-jita, gaisuwar Juma'a, har da mai tallar turare. Wata rana wata 'yar'uwarmu ta rubuta cewa motarsu ta mutu a daji da mai ciki a ciki. Sai washegari aka gani, saƙon ya nutse ƙarƙashin na wasu. Allah ya sa wasu matafiya sun tsince su.

Baffa bai iya wayar zamani ba. Ya sa na karanta masa saƙonnin tun daga sama, yana saurare. Da na gama ya ce, "Kawo takarda."

Ya raba mu huɗu, yadda ya saba. Guruf na ɗaya, mutum guda daga kowane gari, shi ke ba da rahoton mutanensa kowace safiya. Na biyu, kowane gari da nasa, su yi maganar da ta shafe su. Na uku na magani da masauki da takardu, da gaisuwa da addu'a, duk wanda ke son zance ya je can. Na huɗu na wanda ya ɓace, ko ya ji rauni, ko aka tare shi a hanya. Wanda zai yi magana a nan ya faɗi sunansa, da inda yake, da abin da ya gani da idonsa, ya yi shiru. Wanda ya ji daga bakin wani ya ce ji ya yi.

An yi ta gunaguni. Wani kawunmu ya ce shi ba soja ba ne. Amma kafin wata biyu abin ya wuce danginmu, maƙwabta suka shigo, da mutanen garinmu, da waɗanda ba mu sani ba sam. Matar Ain Shams ta nan ta shigo. 'Yarta budurwa ta rabu da su a wata tasha ranar da aka yi harbi. Baffa ya tambaye ta launin mayafin yarinyar, da tabon da ke jikinta, da sunan da take amsawa a gida. Yankin babu shabaka, sai ya yi abin da yake yi da kwari. Ya samu wani mai shago a garin da shabaka ta tsaya, mai shagon ya faɗa wa direban lori, direban ya faɗa wa wata ungozoma a gari na gaba. Kowannensu sai da Baffa ya sa aka maimaita saƙon kalma da kalma kafin ya wuce. Kwana goma sha ɗaya amsa ta dawo ta hanyar da ta bi. Yarinyar tana wata makaranta da aka mayar masauki, tana taya mata tuƙa abinci. Da uwar ta kira tana kuka tana sa masa albarka, ya saurara kaɗan ya ce, "Alhamdulillahi. Ki koma na uku ki yi godiyar a can, 'yar'uwa, akwai masu jira."

Ya nemo wa mutane 'ya'yansu, nasa bai samu ba. Kowace safiya in ya gama karɓar rahoton garuruwa, yakan sa na danna masa wurin ɗaukar murya a na huɗu. Ya faɗi sunan Yaya, da garin da aka ji shi na ƙarshe, ya ce wanda ya gan shi ya yi magana. Daga nan ya ajiye wayar a kan gwiwarsa ya zuba mata ido.

Rigimarmu ta faru ne wajen wata na huɗu da shirun Yaya. Wata rana da azahar Baffa ya tafi masallaci, Inna ta ɗauki wayarta ta shiga na huɗu. Ta yi ta magana, tana kiran Yaya da sunan da take kiransa yana goye, tana tuna masa abincin da yake so, tana roƙon Allah, tana kuka. Saƙon ya yi tsawo sosai. Mata suka fara amsa mata, kowa da nata kukan. Kafin Baffa ya dawo layin ya cika.

Ya saurari farkon saƙon a tsaye, ko takalmi bai cire ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Goge. Ki cire ta daga nan."

Na ce, "Baffa, Inna ce fa."

"Na ji muryarta."

"Ɗanta ne."

Ya ce, "Ɗana ne ni ma. Goge."

Na ƙi. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Bai yi mini faɗa ba, ya sauka ya koma masallaci, wani ɗalibi ya nuna masa yadda ake yi, ya goge da hannunsa ya cire ta. Da ya dawo na tare shi a ƙofa. Na ce masa abin da har yau nake nadamarsa. Na ce, "Kai babu zuciya a ƙirjinka, Baffa. Na'ura ce a ciki."

Inna ta daina yi masa magana. Takan ajiye masa abinci ta juya baya. Ɗaki biyu ne, babu wurin ɓuya, muna ta gogar juna a hanyar banɗaki kamar baƙi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ce in raka shi saman bene. Da ƙyar ya hau, yana tsayawa a kowane hawa. Muka zauna a kan wani bulo tsakanin tankunan ruwa da shanyar mutane. Ya daɗe yana kallon gine-ginen jan bulo da suka tafi har inda ido ya tsaya.

Ya ce, "Me aka gaya miki game da rasuwar mahaifinki?"

Na ce an ce wuta ce ta rutsa da shi a daji, kwana ya ƙare.

"Kwana ya ƙare, gaskiya ne. Amma akwai saura."

Ya ce a wancan zamanin layi ɗaya ne gare su. Shugaba da direba da mai dafa abinci da mai gadin hasumiya, kowa a kansa yake. Ranar wuta ta tashi babba, mahaifina yana jagorantar mutane a cikin wani kwari, suna share ciyawa don su datse mata hanya. Sai wani babba daga birni ya hau layin yana neman bayani. Mota nawa aka fitar, wa ya ba da izinin mai, me ya sa ba a sanar da shi tun safe ba. Baffa da sauran ƙuruciya, yana tsoron aikinsa, ya shiga yi masa bayani dalla-dalla. A cikin wannan lokacin iska ta juya. Mai gadin hasumiya ya gani, ya yi ta dannawa yana kira, babu hanya.

"Da na saki maɓallin," in ji shi, "sai na ji ƙarshen magana. Muryar ƙanena ce. Ya ce, ta tsallako. Iyakar abin da na ji ke nan. Na kira shi har rana ta faɗi."

Su uku ne suka mutu a kwarin. Mai gadin ya ce da an ji shi lokacin da ya fara kira, da sun kai ga wurin da ya riga ya ƙone, don ba shi da nisa.

Baffa ya ɗaga babban yatsansa na dama ya dube shi. Ya ce, "Wannan ne a kai. Ba na babban nan ba, nawa."

Ya ce bayan haka ya shekara yana rubuta takardu yana roƙon a raba layuka. Kafin a kawo sababbin na'urori, doka ya kafa da bakinsa: kowa ya yi magana gajeriya, ya saki, ya ƙirga uku kafin ya sake dannawa. An kai ƙararsa sau biyu don ya katse manya. Bai daina ba.

"In ɗana ya samu shabaka," ya ce, "ba zai samu ta awa ɗaya ba. Minti ɗaya ce, ko rabi, a wayar wani. In ya yi magana ta nutse cikin kukanmu fa? Na taɓa yi sau ɗaya, ɗiyata. Ba zan iya na biyu ba."

Ya kamata in ce wani abu. Na girma a gidansa, ya aurar da ni, da auren ya mutu ya karɓe ni bai tambaye ni dalili ba. Amma abin da ke kaina a lokacin shi ne shekara da shekaru ina kai wa mutumin nan abinci a ɗakin da abin ya faru, ban sani ba. Na tashi na sauka na bar shi a can. Kwana uku ban kai masa shayi ba.

Na gaya wa Inna, ina zaton ba ta sani ba. Ta ce, "Na sani. Ni na zauna da shi shekarar da ba ya iya cin abinci." Sannan ta ce, "Sanin bai hana ni jin zafi ba."

A rana ta huɗu na kai shayin. Ya karɓa ya ce, "Madalla." Ni ban ce na yafe ba, shi bai tambaya ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Da Inna kuwa ga yadda suka shirya. Wata safiya zai je ofishin 'yan gudun hijira, tafiya ce ta yini guda, ga layin mutane, ga shi ana karɓe waya a ƙofa. Ya tsaya a gabanta ya miƙa mata wayarsa da hannu biyu. Ya ce, "Ki riƙe mini na huɗu. Babu wanda zai gane muryarsa da sauri kamar ke." Ta dube shi ta karɓa. Daga ranar suka raba aikin, in yana salla ko wanka ita ke saurare. Ban sake jin sun ɗaga maganar ba.

Jikinsa ya fara ƙi tun sanyin bara. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Asibitin da muke iya zuwa a ƙarƙashin wani gini yake, shabaka ba ta shiga, sai ya ce ba zai zauna a rami ba. Na yi roƙo, direban ya yi, limami ya yi. Sau ɗaya ya yarda, shi ma sai da Inna ta zauna a waje bakin titi da wayar a hannu. Likita ya ce zuciya ce, ya huta, ya daina sa damuwa a rai. A mikrobas, ƙaramar bas ta haya, muna dawowa Baffa ya ce, "Yaron kirki ne. Bai san aikin ba ne kawai."

Safiyar Talatar ya karɓi rahoton garuruwa kamar kullum, ya kira sunan Yaya, ya jira. Da zan fita ya ce in biya kantin magani in na taso, ya faɗi sunan maganin. Na ce to. Ya ce, "Maimaita." Ina sauri, mikrobas na cika tun da wuri. Na ce, "Na ji, Baffa, na ji," na ja ƙofa.

Ban taɓa wayarsa ba sai ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu. Na buɗe na huɗu. Ya cika. Labarin rasuwar ya zaga, kowa kuma ya san a nan ne Baffa yake saurare, sai suka zo nan suka yi masa ta'aziyya. Daga Chadi, daga Habasha, daga Saudiyya, daga garuruwan da ya nemo wa mutane 'yan'uwansu. Saƙon murya a kan saƙon murya, ina ja da yatsa ba ya ƙarewa, da yawa daga lambobin da ba mu sani ba. Ƙauna ce ta kawo su, na sani. Amma kwana uku ke nan babu mai saurare, kuma in Yaya ya samu rabin mintinsa a cikin kwanakin nan, yana can ƙasa a binne.

Ban goge ko ɗaya ba sai da na ji shi har ƙarshe. Na saurara a mikrobas, na saurara a ɗakin girkin mutane a Zamalek da waya a cikin mayafi. Kwana biyar na yi. A rana ta huɗu na tarar da wani gajere daga baƙuwar lamba, iska na kaɗawa a ciki, muryar namiji tana yankewa, ba a jin komai sai "Baba" da wata kalma. Na sake sa shi ya fi sau ashirin a tsaye a bakin titi. Na bar aiki na koma gida da rana tsaka, na hau benen da gudu. Inna tana takaba, tana zaune a inda yake zama. Na sa mata a kunne. Ta rufe ido ta ji sau ɗaya, ta ce in sake. Ta ji na biyu.

Ta ce, "Ba shi ba ne."

Na kira lambar duk da haka. Wani tsoho ne daga garinmu, yana sansani a Chadi, ya ce so ya yi ya ce Allah ya jiƙan Baba, shabaka ta yanke.

Yanzu ni da Inna muke riƙe da wayar, ita da rana, ni in na dawo. Ban iya aikin kamar shi ba, ina jin nauyin katse manya, kuma ban san kwarin kowace ƙasa ba. Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, cikin waɗanda suka san muryar Baffa: mun gode, Allah ya ba da lada. Wanda ke da addu'a ya kai ta na uku, za mu ji, za mu amsa. Na huɗun ku bar mana shi babu kowa. Har yanzu akwai wanda bai yi magana ba.

Allah ya yafe wa Baffa abin da ya sani da abin da ya ɗora wa kansa. Ya haɗa shi da ƙanensa a inuwar da wuta ba ta kaiwa. Ni ma na yafe, Baffa, ko da yake na makara.